Na Je Duba Amarya, Aka Ɗaure Ni a Jirgin Yadi

Gumel zuwa Kano

Ladan bai yi kiran farko ba na fito da akwatina ƙofar gida. Direban da zai kai ni Kano yana ta hamma a cikin mota, ni kuwa na tsaya jiran Yaya Rabi, matar marigayi yayana, domin ta ce kada in kuskura in tashi ba ta gan ni ba. Can sai ga ta da tocila da ƙunshi biyu, ɗaya goro, ɗaya kilishi.

Ɗanta Nura, wanda ni na rage masa a matsayin uba, injiniya ne a Amurka. Ya ga wata Baturiya mai suna Ilona ya ce ita yake so, ya kuma rantse ba zai yi auren ba sai da yardar uwarsa. Uwar kuwa ta ɗauki abin ta ɗora a wuyana.

"Malam Sule," ta ce, "duk rayuwarka jarraba direbobi ka yi. Kallo ɗaya kake wa mutum ka san ko zai kashe jama'a a hanya. Je ka dubo min yarinyar nan. Abu ɗaya nake tsoro, macen da ba ta san rufin asiri ba. In ka dawo ka ce a'a, to ba da yawuna ba. Goron nan kuma kada ka miƙa shi sai ka gamsu."

Na gyara zaman hulata na ce ta kwantar da hankalinta. Maganar gaskiya, tun a ƙofar gidan na riga na kayar da yarinyar a raina, saura in je in nemo dalili.

Mun yi sallar asuba a hanya. A wani shinge kusa da Kano, jami'in da ya leƙo motar ya zamana yaron da na taɓa koya wa aiki. Ya ƙame ya sara min, ya ɗage shinge ba tambaya. Daga nan har filin jirgi kaina bai daina kumbura ba.

Kano zuwa Washington

Ta Addis Ababa muka bi, muka canja jirgi. Kusa da ni akwai wani ɗan kasuwa da bai taɓa doguwar tafiya irin wannan ba. Duk sanda jirgi ya ɗan girgiza sai ya damƙe hannun kujera yana salati da ƙarfi. Na dube shi irin duban da nake wa ɗan koyo in mota ta mutu masa a kan tudu.

"Alhaji, ka natsu mana," na ce masa. "Ni sau biyu na je Makka, jirgi ba baƙona ba ne. Babban mutum ba ya ihu a sama."

Ku riƙe min wannan maganar, za mu dawo kanta.

A filin jirgin Washington wani ɗan kare mai dogon kunne ya zo ya zauna kusa da akwatina ya ƙi tashi. Ma'aikaciyar da ke riƙe da shi ta tambaye ni ko ina ɗauke da nama. Na ce ba nama ba ne, kilishi ne. Ta buɗe, ta shinshina, ta ce a wurinsu sunansa nama, ta jefa shi a wani kwando ina ji ina gani. Goron kuwa ta jujjuya shi ɗaya bayan ɗaya, ta kwashe ganyen da aka naɗe shi, ta tambaye ni amfaninsa.

"Neman aure," na ce.

Ta dubi furfurata ta ce Allah ya ba da sa'a. Ban tsaya gyara mata ba.

Woodbridge

Nura na jirana a waje. Ya durƙusa a gaban jama'a ya gaishe ni, abin da ya faranta min rai ƙwarai. Muka hau babbar hanyar da suke kira 95, wadda ya ce ita ke cinye masa safiya da yamma. Motoci layi-layi, kowa ya tsaya a nasa, ba mai hon, ba mai hawa gefen titi. Na yi ta neman laifin da zan kama ban samu ba, har na fara jin haushi.

Washegari da yamma Ilona ta zo gaishe ni. Doguwa ce, ta yafa mayafi, ta kawo wata miyar ƙasarsu jawur, wadda na zaci za ta tsaga min harshe, ashe launi ne kawai. Ni kuwa na zauna zaman suruki sosai. Idona na kan bango. Turanci ina ji, da shi na yi aikin gwamnati, amma in ta yi magana sai in juya in ba Nura amsa da Hausa, shi ya mayar mata. Haka aka san surukai a wurinmu, kuma haka na ga dama. Ko aikin da take yi ban tambaya ba.

Bayan ta tafi Nura ya ce min tun rasuwar mahaifinta kakanta ne ya raine ta, wani dattijo ɗan asalin ƙasar Hangari mai suna Gabor, kuma wurinsa za a je neman auren ranar Asabar.

"Amma Baffa, akwai abin da ya kamata ka sani game da tsohon nan. Yana da wani..."

"Kai Nura," na katse shi, "ni za ka koya wa neman aure? Auren ubanka ma ina cikin masu kai goro."

Ya ce to. Yanzu in na tuna fuskarsa a lokacin, ina ganin dariya yake dannewa.

College Park zuwa bayan Upper Marlboro

Tunda ango ba ya zuwa neman aurensa, ni kuma ba zan je ni kaɗai ba, sai Nura ya haɗa ni da Isufu, wani magidanci mutumin Maraɗi da ke tuƙa taksi a College Park. Ranar Juma'a ni da Isufu muka shiga jirgin ƙasa zuwa cikin birni, na leƙa fadar shugaban ƙasarsu ta bayan shinge, na ga ba ta kai girman da take yi a talabijin ba, sannan muka wuce. A gidan Isufu na kwana. Da safe matarsa ta cika min kwano da dambun zogale, na ci har na nemi ƙari. Wannan ƙarin ma ku riƙe min shi.

Na saka babbar rigata ta shadda mai aikin hannu, wadda ba na fito da ita sai sallah. A Upper Marlboro muka tsaya shagon wata 'yar Najeriya muka ƙara alawa a kan goro, sannan muka miƙe kudu. Gidaje suka fara ƙarewa, gonaki da dawakai suka fara.

"Elhaji," in ji Isufu, "Nura ya hwaɗa maka mi ad da akwai gidan tsohon ga?"

"Ba na bukata."

"Dakor," ya ce, wato "to" ke nan a bakin mutanen Maraɗi, ya ci gaba da tuƙinsa. Tuƙin ma ba laifi, sai dai yana riƙe sitiyari da hannu ɗaya, na kuwa gaya masa.

Filin Dattijo Gabor

Wani fili ne shimfiɗaɗɗe na ciyawa, da ɗan gida a gefe, da wata babbar rumfar kwano. Dattijon ya fito da sanda, gajere, farin gashi, hannunsa na ɗan rawa. Muka gaisa. Ina shirin in fara jawabin da na kwana ina tsarawa, sai ya ce a bar magana tukuna, in zo in ga wani abu.

A cikin rumfar akwai jirgin sama. Na ce jirgi ne don ban da wani sunan da zan ba shi. Fiffikensa hawa biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, an ɗaure su da sanduna da wayoyi. Farfelarsa ta katako ce. Wurin zama rami biyu ne, gaba da baya, ba rufi, ba ƙofar kirki. Na ƙwanƙwasa jikinsa da yatsa don in ji ƙarfe, sai na ji ya lotsa. Yadi ne aka ɗame aka shafa masa fenti. Da mota ce aka kawo min ita ofis a haka, da ko takardunta ba zan duba ba.

Dattijon ya zauna a kan benci ya ba mu labari. Ya ce bayan yaƙin duniya na farko an hana ƙasarsu mallakar jiragen yaƙi, alhali samari na son tashi sama. Sai ƙungiyoyin masu sha'awa suka koma ga ƙananan jiragen koyo, har wasu suka riƙa sayowa daga Ingila. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka yi ciniki da wani Baturen Ingila, wanda ya tuƙo jirgin da kansa har ƙasarsu. An gama magana kaf, amma Baturen ya ce ba zai miƙa jirgi ba sai ya tashi da mai sayen, ya sakar masa tuƙi a sama, ya ga hannunsa.

"Wancan jirgin, yaƙin duniya na biyu ne ya cinye shi," in ji shi. "Wannan ɗan'uwansa ne. A rumbun wani manomi na same shi a nan, kaji na kwana a ciki. Ni da Ilona muka tayar da shi, tun tana ƙarama take miƙo min sifana."

Na ce ma sha Allah, labari mai daɗi, na sa hannu zan ɗauko goro. Ya ɗaga min sanda.

"Ni ma ɗabi'ar Baturen nan na ɗauka. Ba na miƙa abin da na yi rainonsa ga wanda ban ga hannunsa ba. Nura ya hau, na gani. Amma yaro daga gida yake fitowa. Kai ne gidan."

Na waiwaya wurin Isufu neman agaji, na tarar ya tsura wa rufin kwano ido. Suruki ya nemi abu a gidansa, ranar farko, da wane baki zan ce tsoro nake ji? Na dubi hannun tsohon da ke rawa a kan sanda, na ce a raina, wannan hannun ne zai tuƙa ni? Ya lura, ya yi dariya, ya ce likitoci sun daɗe da hana shi tashi. Har na fara hamdala, sai ga Ilona ta fito daga bayan rumfar da rigar fata da tabarau a goshi. Ashe koyar da tuƙin jirgi ne sana'arta.

Aka ce babbar riga za ta sarƙe a waya, na cire. Aka ce hula iska za ta ɗauke, na cire. Sanƙon da ko 'ya'yana ba su cika gani ba, ga shi a fili gaban yarinyar da na ƙi kallo shekaranjiya. Suka kifa min wata hular fata mai abin magana a kunne. Ta nuna min inda zan taka, na faɗa ramin gaba da ƙyar.

"Baffa, ɗaga hannu," ta ce, ta ɗaure ni tamau da bel ta kafaɗa da ƙugu. Ba Nura a kusa da zan ba amsa ta bakinsa, don haka na ɗaga.

A Sama

Ita ta shiga ramin baya. Dattijon ya jingine sandarsa ya kama farfela ya finciko ta da hannu, yadda ake ba tsohuwar gingimari handil. Inji ya yi tari ya kama. Muka yi ta sukuwa a kan ciyawa, haƙorana na haɗuwa, sai kawai na ji sukuwar ta ɗauke. Na leƙa na ga Isufu ya koma ɗan mitsitsi, riƙe da babbar rigata.

Da farko, wallahi, na ji daɗi. Ga kogi yana ƙyalli, ga gonaki an yanka su daidai, ga iska na mari na ta ko'ina. Har na fara tsara yadda zan ba da labarin a majalisarmu ta Gumel. Sai muryarta ta shigo kunnena.

"Baffa, ka ga sandar da ke tsakanin gwiwoyinka? Jirgin koyo ne, tuƙi biyu gare shi. Riƙe ta a hankali. In ka ji ba za ka iya ba, ka ce in karɓa. Na saki."

A ɗan madubin da ke gabana na hango hannuwanta biyu a sama, tana kaɗa min su.

Na damƙi sandar nan da hannu biyu na jawo ta ƙirjina, don duk abin da mutum ke tsoro jikinsa yake jawowa. Hancin jirgi ya miƙe sama, ƙasa ta ɓace, ba na ganin komai sai shuɗi.

"Sassauta kaɗan, Baffa. In karɓa?"

Nan ne girman kai ya zo. Ni da na kayar da direbobin tirela, in ce wa suruka na kasa? Na yi gum. Na tura sandar gefe don in gyara, sai fiffike ɗaya ya nutse, gonakin da ke ƙarƙashina suka dawo daidai kunnena. Ban san sanda na fara ihu ba. Na yi salati, na yi istigfari, na kira Inna mahaifiyata, wadda ta rasu tun Nura bai shiga makaranta ba. Duk wannan a cikin abin maganar da ke manne da bakina.

"Karɓi! 'Yata, karɓi, na kasa!"

"Na karɓa, Baffa."

Nan take jirgin ya daidaita, kamar ba abin da ya faru. Cikina ne bai daidaita ba. Ta gaya min akwai 'yar jaka ta takarda a gefen dama, na kuwa same ta a kan kari. Dambun matar Isufu da ƙarinsa duk suka dawo.

Na zaci sauka za mu yi. Sai na ga ta miƙe da mu wajen kogin, a hankali, ba karkata. Ba ta ce sannu ba, ba ta yi dariya ba. Ta dai riƙa nuna min abubuwa, ga gada can, ga jiragen ruwa can, har numfashina ya dawo, hawayen da ke cikin tabarau suka bushe. Sai da ta ji muryata ta koma ta mutane sannan ta juya. Ta sauka a can ƙarshen fili, nesa da rumfar, ta tsaya, ta miƙo hannu ta karɓi jakar nan ta cusa cikin rigarta ta fata, ta ba ni hankici. Sannan muka gangaro wurinsu.

A Ƙasa

Na sauko. Dattijon ya dubi jikarsa.

"Yaya hannunsa?"

"Ya riƙe, kaka," ta ce.

"Elhaji, mu daga nan mun ga jirgin yana rawa," in ji Isufu.

"Akwai iska a sama yau," ta ce, ta juya tana duba farfela.

Shi ke nan abin da ta faɗa. Da na yi shiru, da na wuce da girmana cif. Amma ban taɓa ba mutumin da ya faɗi takardar tuƙi ba, ban ga yadda zan karɓi tawa a haka ba. Na ce wa dattijon jikarsa rufa min asiri ta yi. Na riƙe ɗin, amma sai da na kusa kifar da mu don kunyar in ce na kasa, daga ƙarshe da ihu na mayar mata.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce ai ya gani tun daga ƙasa, shekarunsa nawa yana kallon jirgin nan. Sannan ya ƙarasa mana labarin da ya bari. Mahaifinsa ma a ranar haka ya karkatar da jirgin, ya yi ihu ya mayar wa Baturen tuƙi, ya sauko yana zaton ciniki ya lalace. Baturen ya ce masa shi ba gwani yake nema ba, don wanda ya iya ba ya sayen jirgin koyo. Wanda yake gudu shi ne mutumin da zai gwammace ya faɗo da yaran mutane da ya buɗe baki ya ce a karɓa.

"Ka ɗan makara," in ji dattijon, "amma ka ce."

Na mayar da rigata da hulata, muka zauna a kan benci a ƙarƙashin fiffike. Jawabin da na tsara duk ya gudu. Na ajiye goro da alawa a gabansa, na ce mun zo ne muna roƙa wa ɗanmu Nura auren 'yarku Ilona, Isufu shaida ne. Ya ɗauki goro ɗaya ya gatsa. Fuskarsa ta tattare gaba ɗaya, amma bai tofar ba, ya tauna har ya haɗiye. Idonsa ya kawo ruwa, ban sani ba ko ɗacin goron ne.

"Na ba ku," ya ce. "Ita kaɗai gare ni."

Na ce mun karɓa, kuma da amana. A nan ne na fara duban yarinyar ido da ido, na yi mata godiya da bakina.

Komawa Gida

Sauran kwanakina a Woodbridge na yi su lafiya. Jirgin dawowa ya girgiza sosai a wani wuri, wata mata a bayana ta yi ta ihu, ban ce mata komai ba. Mun sauka Kano da rana, na isa Gumel bayan la'asar. Ko ruwa ban sha ba Yaya Rabi ta shigo.

"Ina gorona?"

"Na bayar."

Ta zauna a bakin tabarma. "To me ka gani?"

Na ce fuskarta dai ban gani sosai ba, don a bayana take zaune. Daga nan na kwashe labarin duka na gaya mata, har da Inna, har da jaka. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta share ido da bakin mayafi, ta ce Allah ya sa albarka, a sa rana.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ta sama da ta saman sama. Ina gode wa Isufu da mai ɗakinsa, dambunta ba shi da laifi ko kaɗan. Ina gode wa Dattijo Gabor da ya haɗiye goronmu.

Yaya Rabi ba ta iya riƙe labari ba, a ranar ta buga wa ɗanta waya. Ina alwalar magariba sai ga kiran Nura.

"Baffa, wai da gaske ne abin da Umma ke faɗa? Har da kiran Inna?"

Na ce ai ya riga ya sani, ya daina yi min iya shege.

"Wallahi ban sani ba, Baffa. Na tambayi Ilona har sau biyu. Cewa ta yi ka riƙe."